Luba Mai Matashin Rimi

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Bungudu a shekarun nan ya san Luba, ko bai san sunanta ba. Ita ce 'yar siririyar dattijuwar nan da ke zama bayan masu tabarmi, da tulin matasan kai a gabanta, waɗanda 'yan birni ke kira filo. Daga Karakkai take zuwa, kayan a ɗaure bayan babur, ita a tsakiya, ba ka ganin komai nata sai ƙafafu. Ba ta kiran mai saye, ba ta yi wa kowa daɗin baki. In ka taɓa matashi ka ce ya yi tauri, sai ta karɓe abinta ta ce ka je ka sayi na soso, kanka ya yi ta gumi.

A Karakkai aka haife ta, a nan aka yi mata aure, gida huɗu tsakanin gidan ubanta da na mijinta Malam Yari. Sana'ar kuwa wajen uwarta ta gada. Akwai wasu manyan itatuwan rimi guda uku a bakin fadama, idan bazara ta yi 'ya'yansu suka bushe suka fara fashewa, sai mata su fita tsinta. Luba takan tara buhu-buhu, ta zauna a tsakar gida ta ɓare, ta tsince ƙwayoyin, ta shanya, sannan ta sa tsumagiya ta yi ta bugu har audugar ta tashi ta yi laushi. Kwanakin bugun nan gidan kan yi fari fat, har cikin miya sai ka tsinci auduga. Malam Yari ya yi ƙorafi shekara biyu, da ya ga ba a kula shi ba ya koma cin tuwonsa a zaure.

Amma ba sana'ar ce aka fi yabon Luba da ita a garinsu ba. Alkunya ce. Kowa ya san mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Matan yanzu sun sassauta, wata ma har goya ɗan fari take yi ta shiga gidan biki. Luba kuwa ta riƙe abin da hannu biyu, har ta fi waɗanda suka koya mata. 'Yarta ta fari Sa'adiya ce, kuma tun ranar suna bakin Luba bai taɓa furta sunan nan ba. Takan ce "waccan", ko "ɗiyar Inna". Da aka yaye yarinyar sai uwar mijinta, Inna Tambaya, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, a cikin gidan dai, katangar zana kawai ke tsakani. Yarinya ta tashi tana kiran kakarta Inna, uwarta kuma Yaya, yadda ta ji ƙannen ubanta na kiranta. Ranar da ta faɗi a bakin rijiya ta fasa goshi, Luba na daka, ko tsayar da taɓarya ba ta yi ba. Tsofaffi suka yi ta ba da labarin a gidajen suna, ana cewa ga mace mai kara. Luba ta ji daɗin yabon nan ƙwarai, ba sai an ɓoye ba.

Abin da tsofaffin ba su sani ba shi ne, ranar nan da ta gama dakan, ban ɗaki ta shiga ta yi kukanta ta wanke fuska. Son yarinyar nan ya cika mata ciki, ga shi ba ta da ƙofar fitar da shi. Sai ta samo wata 'yar dabara. Akwai wata tsohuwar auduga da take ajiye da ita a cikin tukunya a ƙarƙashin gado, ta matashin uwarta ce, ta sha kwanciya shekara da shekaru har ta yi laushin da sabuwa ba ta yi. Ba ta sayar da ita ko da wasa. Ita ta ɗiba ta gauraya da sabuwa ta ɗinka ɗan matashi, ta yi masa ƙulli uku da jan zare a kusurwa ɗaya, ta faki ido ta jefa a shimfiɗar yarinyar. Da Inna Tambaya ta tambaya, Luba ta ce kwantai ya yi a kasuwa, ba wanda ya taya.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace shekara akwai matashi ɗaya da ke yin kwantai, kuma kullum shi ne wanda ya fi kowanne kyau. Tukunyar ba ta ƙarewa, domin duk tsohon matashin da ya mutu a gidan, Luba na farke shi ta ƙara a ciki. Damina ta zo ta wuce a kanta, ƙasan gado ya yi sanyi ya bushe, ita dai tana nan a rufe da faifai.

Sa'adiya na da shekara biyar fuka ta bayyana gare ta. Takan tashi da safe ƙirji a cushe, numfashi na fita da ƙara, kafaɗu na ɗagawa. Ba a sha wahalar neman dalili ba, domin Inna Tambaya ma tana da ita, haka wani ƙanen Malam Yari. Luba ba ta iya zuwa ta riƙe 'yarta, saboda haka zafin ya fita ta baki. Ta yi ta faɗa a bakin rijiya cewa su danginsu ba su san wannan ciwo ba, jinin gidan Yari ne, a nan aka kwaso shi. Maganar ta koma kunnen Asiya, ƙanwar mijinta, suka yi shekara guda ba sa ga-maciji. Inna Tambaya kuwa ba ta taɓa tankawa ba. Abin da kawai take yi, duk bazara in an fara bugun rimi, sai ta ɗaure 'yan tsummokaranta ta ce za ta Bungudu gaida 'yar'uwarta, ta ja jikarta su yi wata guda. Luba takan ce tsohuwar nan akwai son yawo.

An yi magani iri-iri. An sha sassaƙe, an sha zuma da tafarnuwa, an hana ta ruwan randa, an hana ta wanka da sassafe. Yarinya ta girma da abinta, yau lafiya gobe ciwo, kuma duk da haka ta yi karatu. Bayan rasuwar Inna Tambaya ta samu shiga kwalejin horon malamai a Gusau, kuma shekarun da ta yi a ɗakin kwanan ɗalibai ta yi ƙiba, ta yi haske, sai ta yi watanni ba ta taɓa maganin fukar da take shaƙa ba. In ta zo hutu ciwon ya dawo. Aka ce ruwan Gusau ne ya karɓe ta, Luba ma ta yarda da haka.

Da Sa'adiya ta gama aka ba ta aikin koyarwa a wata firamare a Tsafe, a can kuma ta auri wani malami ɗan'uwan aikinta, Kabiru. Cikin kayan ɗaki akwai matasan kai biyu masu jan ƙulli. Bayan haka duk shekara Asiya, wadda sun daɗe da shiryawa, takan kai wani, da saƙo iri ɗaya: a ba mutanen Tsafe, kwantai ya yi. Ciwo kuwa ya dawo sabo, har ya fi na da. Wannan karon Luba ta ɗora wa gidan laifi. Ta ce wane irin miji ne zai kama haya a bakin titin Funtuwa, manyan motoci na tula wa mutane hayaƙi tun safe har yamma. Maganar tata ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ta daɗe tana jin daɗin faɗarta.

Shekara shida da auren, wata ranar kasuwa da hantsi, wata mata ta tsaya a gaban kayan Luba. Doguwa ce, ta ɗaura ɗankwali irin na matan coci, da jaka a kafaɗa. Ta gaishe ta da Hausa mai kyau, ta ɗauki matashi ɗaya ta jujjuya, tana duba kusurwoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗago ta ce, "Mama, ke ce mahaifiyar Sa'adiya?"

Masu tabarmi suka fashe da dariya, domin duk kasuwar ba mai yi wa Luba wannan tambaya. Luba ta kau da kai ta ce ita dai matashi take sayarwa. Matar ba ta yi dariya ba. Ta ce sunanta Esta, ma'aikaciyar jinya ce, mutumiyar kudancin Kaduna, gida ɗaya suke haya da su Sa'adiya shekara huɗu ke nan. Ta ce tun safe ta baro Tsafe, ta sauya mota a Gusau, kuma ba sayayya ta kawo ta ba. Ta roƙi su koma gefe.

A inuwar wata rumfa da ba kowa, Esta ta faɗi abin da ke tafe da ita. Sa'adiya na da ciki wata bakwai, bayan dogon jira. Sau biyu a watan nan ana kai ta asibiti numfashi ya ƙi, kuma in uwa ba ta samun iska, abin da ke cikinta ma ba ya samu. Luba ta san da cikin, Asiya ta gaya mata, ta kuma yi kamar ba ta ji ba. Zancen asibitin ne ba ta sani ba. Amma bakinta ya riga ya saba da hanyarsa, sai ta ce ai ciwon gado ne, na gidan ubanta, ga kuma hayaƙin titi.

Esta ta ce haka ne, fuka na bin jini, kuma wanda ya gada ba laifinsa ba ne, ba kuma laifin wanda ya gadar masa ba. Amma ciwon kwanciya yake yi sai an tashe shi, kuma kowa da abin da ke tayar masa. Wani hayaƙin itace ne, wani turare, wani sanyi ko mura, wani gashin kyanwa ko ƙaiƙayin gero. Ta ce sun bi na Sa'adiya ɗaya bayan ɗaya. Sun daina kunna maganin sauro na hayaƙi, Kabiru ya sayo risho na gas, sun koma ɗakin baya da ba ya kallon titi. Abin ya ragu, bai tafi ba. Sai bara da aka tura Sa'adiya bita Gusau ta mako uku, ta kwana a kan filon soso, ta dawo garau. Kwana biyu da dawowarta ƙirji ya sake cushewa.

Esta ta ce ita da kanta ta farke gefen matashi ɗaya ta duba. Audugar ciki ta tsufa ta zama gari, tana warin ruma. Irin wannan, in ji ta, ƙura ce zalla, ga wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani da ke zama a ciki, mai fuka kuwa ya ɗora hancinsa a kai ya yi ta shaƙa har gari ya waye. Sabuwar audugar ma ba ta da kyau ga mai wannan ciwo, amma tsohuwa ta fi muni nesa ba kusa ba.

Tukunyar ƙarƙashin gado ta faɗo wa Luba a rai, da faifan da ke kanta, da yadda take zaɓar wadda ta fi tsufa saboda ta fi laushi. Ta tuna ƙibar da yarinyar ta yi a kwaleji. Sai kuma ta tuna Inna Tambaya da ƙullin kayanta duk bazara, tana jan hannun jikarta suna fita ta cikin farar ƙurar tsakar gida. Ashe tsohuwar ta gane bugun rimin na tayar musu da ciwo. Ta gwammace ta bar gidan ɗanta wata guda da ta ce wa surukarta ta daina sana'ar uwarta. Ita Luba kuwa tana bakin rijiya tana zagin jininsu.

Luba ta juyo wajen Esta. Ta ce, "To ku hidda su mana. Mi kuka jira? Ku zubar."

Esta ta ce, "Mama, ta sani tun bara. Ni na gaya mata, likita ma ya gaya mata. Mijinta ya kwashe su ya kai kicin, ta je ta kwaso. Ta ce duk duniya ba ta da abin da ya fito daga hannunki sai su. Ta ce tun tana ƙarama ta san jan ƙullin nan, ta san ba kwantai ba ne. Ta sa na yi alkawari ba zan gaya miki ba, don kada ki ji kunya. Yau na karya alkawarin."

Luba ba ta yi kuka a nan ba, kasuwa ce. Amma kunyar da ta rufe ta ba irin wadda ta saba ba ce, wadda ake yaba mata. Wannan ba ta da daɗi ko kaɗan. Shekara talatin da ɗaya tana taƙama ba ta taɓa kallon 'yarta ba, kuma gaskiya ne, ba ta kalle ta ba. Da ta kalle ta ko na mako guda, da ta ga abin da baƙuwa daga wata jiha ta gani. Ta koma wajen kayanta ba ta iya haɗa ido da masu tabarmi, ta ce wa ɗaya daga cikinsu ta kula mata da su, ta aika wa Malam Yari cewa ta wuce Tsafe. Mai tabarmar ta saki baki, don an san Luba ba ta taɓa taka gidan 'yarta ba.

Suka shiga mota ita da Esta. Sun wuce Gusau rana ta take, suka isa Tsafe bayan azahar. A ƙofar gidan, Esta ta tsayar da ita, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce ta yi haƙuri, ba za ta shiga haka ba. Luba ta dubi jikinta. Mayafinta, zanenta, har gashin girarta, duk farin rimi ne. Haka dattijuwar nan mai ji da kanta ta shiga ban ɗakin mutanen da ba ta sani ba ta yi wanka da sabulunsu, ta fito ɗaure da zanen Esta na zumuntar matan coci, da rubutu a jikinsa da ba ta iya karantawa. Ta ga ai ta cancanci fiye da haka.

Sa'adiya na zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi, ciki ya fito, abin shaƙa a hannunta. Da ta ga mai shigowa ta yunƙura za ta durƙusa, ta ce, "Yaya, lahiya? Wani abu ya samu Baba?" Idon Luba na kan gadon. Matashi biyu na wajen kai. Sauran na jere a kan akwati an lulluɓe su da leshi, har da wani ɗan ƙarami da ya baje ya koɗe, wanda ta ɗinka tun yarinyar ba ta iya ɗaura zane ba. Ko ɗaya ba a yar ba.

Ta fara kwasa, a hankali don kada ƙura ta tashi, tana miƙa wa Esta a bakin ƙofa. Sa'adiya ta dubi Esta, ta gane, ta sunkuyar da kai. Da aka zo kan ɗan ƙaramin sai ta miƙa hannu ta riƙe gefensa. Ba ta ja ba, ba ta kuma saki ba. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, numfashi na yanke mata magana, "Ki bar mini wanga ɗai. Ba ni kwana bisa nai, aje shi kawai zan yi."

Luba ta ce, "Ba kwantai ya yi ba. Ko ɗaya bai taɓa zuwa kasuwa ba. Ni na cuce ki da hannuna, ina ganin gata nika yi miki."

Sa'adiya ta ce ta sani, ta kuma saki. Esta ta kwashe su duka ta fita da su bayan gida, ta ce Kabiru zai sayo na soso in ya taso daga makaranta, rigunan matasan kan kuma in an wanke su da ruwan zafi ana iya sa su a kan sabon. Ta ja ƙofa ta bar su.

Ɗakin ya yi shiru, sai ƙarar motoci daga nesa da ɗan kukan da ƙirjin Sa'adiya ke yi. Gadon ya zama fili, ba abin jingina, ga ta da tsohon ciki, tun safe a zaune. Ta waiga tana neman inda za ta sa bayanta, ta rasa, ta koma ta dafa gwiwoyi. Luba na tsaye tana kallo. Karon farko ke nan da ta tsaya ta kalle ta sosai, har ta ga tabon rijiyar nan yana nan a goshi. Ta hau gadon ta zauna ta jingina da bango, ta gyara zanen aro.

Ta buɗe baki sau biyu abin ya ƙi fita. A na uku ya fito a karkace, kamar sunan baƙo.

"Sa'adiya."

Sa'adiya ta juya ta dubi ƙofa, don ta zaci wani ne ya yi kira daga waje. Sai da ta ga ba kowa sannan ta waiwayo.

Luba ta ce, "Ni ce. Matso ki jingina nan."

Ta matso a hankali, ta sa bayanta a ƙirjin uwarta, ta ɗora kai a kafaɗarta. Kafaɗar ƙashi ce zalla, ba ta da laushin komai. Ba ta ɗaga ba har aka kira la'asar.